Makarantar Nickel Mines: yadda wata al'ummar Amish ta bi da kisan 'ya'yanta, 2006 zuwa 2024

Wannan nazari ya bi sawun ƙauye ɗaya ne a gundumar Lancaster ta jihar Pennsylvania, a Amurka, tun daga safiyar da aka harbi 'yan mata 10 a cikin ajinsu har zuwa shekarar da ta ƙarshe cikin waɗanda raunin ya ci ta rasu. Abin da ya fuskanci mutanen ƙauyen ya wuce makoki. Wanda ya yi kisan maƙwabcinsu ne, mutumin da ke shiga gonakinsu da dare yana kwasar madara. Ya kashe kansa a wurin, amma ya bar mata da 'ya'ya uku da iyaye a tsakiyar waɗanda ya zalunta, hanya ɗaya suke bi, shago ɗaya suke sayayya. Ko dai a samu hanyar ci gaba da zama tare, ko kuma wani ya tashi.

Kafin 2006: su wane ne mutanen

Amish Kiristoci ne da asalinsu ya faro daga wata ƙungiya da ta ɓulla a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan a 1525, wadda ta ƙi yi wa jarirai baftisma, ta ce sai mutum ya girma ya zaɓa da kansa. Hukumomin lokacin, na Katolika da na Furotesta duka, sun bi su da kisa: wasu aka ƙona, wasu aka nutsar a ruwa. A 1693 wani dattijo mai suna Jakob Ammann ya ɓalle da mabiyansa, daga sunansa ne aka samo sunan Amish. A ƙarni na 18 suka fara ƙaura zuwa Pennsylvania, kuma a 2006 yawansu a yankin Lancaster kaɗai ya haura 25,000.

Abin da baƙo ke fara gani shi ne keken doki, da tufafi marasa ado, da gidajen da ba su jona da wutar lantarkin gwamnati ba. Abin da ya shafi wannan lamari kuwa ba a ganinsa daga bakin titi. Ba su da ginin coci. Iyalai kamar 25 zuwa 35 ne ke zama ikilisiya guda, suna yin sujada a gidajen juna, Lahadi ɗaya a yi, ɗaya a tsallake. Ba sa shiga soja, ba sa kai ƙara kotu don neman haƙƙinsu, ba sa sayen inshorar lafiya. Idan ciwo ya kwantar da wani, jama'a ce ke haɗa kuɗin asibiti. Yaransu na karatu a makarantu masu ɗaki ɗaya zuwa aji takwas su tsaya, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar musu da wannan 'yanci a 1972.

Yafiya a wurinsu darasi ne da ake maimaitawa har ya zama jiki. Addu'ar Ubangiji, wadda a cikinta mai roƙo ke cewa a gafarta masa kamar yadda shi ma yake gafarta wa masu yi masa laifi, tana cikin abin da yaro ke fara haddacewa, kuma da ita ake buɗe makaranta kowace safiya. Suna ɗaukar ayoyin da suka biyo bayanta a Matiyu sura 6 a kan zahirinsu: wanda bai yafe ba, ba za a yafe masa ba. Sau biyu a shekara, da bazara da kaka, kafin Jibin Ubangiji, wato ibadar cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu, ikilisiya kan zauna a karanta Matiyu sura 18, inda aka ce a yafe sau bakwai har saba'in, sannan a tambayi kowa ko yana zaman lafiya da 'yan'uwansa. In akwai ƙullin da ba a warware ba, ana iya ɗage Jibin gaba ɗaya. A gidaje da yawa kuma akwai wani ƙaton littafin tarihin shahidansu da aka fara bugawa a 1660, wanda labarin da ya fi shahara a cikinsa shi ne na Dirk Willems na ƙasar Holan. A 1569 ya tsere daga kurkuku ya bi ta kan tafkin da ya daskare, mai binsa ya rufta cikin ruwan, shi kuma ya juyo ya ciro shi. Aka kama shi aka ƙona.

Mai karatu a Najeriya na da dangin wannan aƙida kusa da shi. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, EYN, wadda yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yanta ne, reshe ce ta wata cocin da ita ma ta sha daga wannan tushe na ƙin ɗaukar makami.

Litinin, 2 ga Oktoba 2006

Makarantar West Nickel Mines ɗaki ɗaya ce a tsakiyar fili, a ƙaramar hukumar Bart. Ɗalibai 26 ne daga gidaje 10, masu shekara 6 zuwa 13, malamarsu kuma 'yar shekara 20. Ran nan mahaifiyarta da wasu 'yan'uwanta mata sun kawo ziyara, wasu da goyo.

Mutumin ɗan shekara 32 ne, direban tankar madara, ba Amish ba ne, kuma ba a san shi da wani laifi a baya ba. Ya gama aikin dare, ya raka 'ya'yansa wurin shiga motar makaranta, matarsa ta tafi taron addu'a na mata. Wajen ƙarfe 10:25 na safe ya shiga ajin da bindiga. Malamar da mahaifiyarta suka samu suka fice a guje zuwa wata gona mai tarho, domin makarantar ba ta da shi, aka kira 'yan sanda wajen 10:35. Shi kuwa ya kori yara maza 15 da manyan matan, wata yarinya 'yar shekara 9 ta sulale ta bi su. Ya rage 'yan mata 10. Ya toshe ƙofofi da katakan da ya zo da su, ya jera su a gaban allo, ya ɗaure musu ƙafafu. Kayan da aka samu daga baya, har da harsasai kusan 600, sun sa 'yan sanda suka ce ya yi shirin daɗewa a ciki, kuma da niyyar lalata da yaran. Isowar jami'ai cikin 'yan mintuna ta hana shi.

Waɗanda suka tsira sun ba da labarin cewa babbarsu, 'yar shekara 13, ta ce ya fara harbinta, ƙanwarta 'yar shekara 11 ta ce ita ce ta biyu. Jim kaɗan bayan ƙarfe 11 ya buɗe wuta, ya harbe su duka, da 'yan sanda suka fasa taga ya harbe kansa.

Uku suka rasu a ranar. Biyu, ya da ƙanwa masu shekara 8 da 7, suka cika cikin dare a asibitoci daban-daban, ɗaya a Hershey, ɗaya a jihar Delaware. Biyar suka rayu da munanan raunuka. An kwashe yaran a jirage masu saukar ungulu zuwa asibitoci da dama, kuma da yake tufafinsu iri ɗaya ne, ba katin shaida, ba hoto, sai da aka ɗauki sa'o'i kafin wasu iyayen su san inda 'yarsu take, da rai ko babu.

A takardun da ya bar wa matarsa ya ce yana fushi da Allah tun 1997, lokacin da 'yarsu ta fari, bakwaini, ta rasu minti 20 bayan haihuwa. Ya kuma gaya mata a waya cewa ya taɓa lalata da wasu ƙananan danginsa shekara 20 da suka wuce. 'Yan sanda sun bincika, waɗanda ya ambata suka ce hakan bai faru ba. Babu wata shaida da ta nuna yana da gaba da Amish. Makarantar ce kusa, kuma ba tsaro.

Daga yammacin Litinin zuwa Asabar

Matakin farko ba taro ne ya yanke shi ba, ba kuma bishop, wato shugaban ikilisiya, ne ya ba da umarni ba. Tun kafin rana ta faɗi, wasu magidanta Amish suka taka zuwa gidan iyayen matar, inda ta koma da 'ya'yanta, suka tarar da mahaifinta a waje, suka rungume shi, suka ce ba su riƙe kowa a zuciya ba. A gidan iyayen mutumin, mahaifinsa, tsohon ɗan sanda mai ritaya wanda ya daɗe yana jigilar Amish a motarsa, yana zaune ya kifa kai yana kuka, yana cewa ba zai sake iya haɗa ido da su ba. Wani maƙwabci Amish ya shigo, ya tsaya a kansa yana dafa kafaɗarsa kusan sa'a guda, yana gaya masa cewa suna ƙaunarsa, kuma kada su tashi daga unguwar. Mahaifiyar ta faɗa daga baya cewa a ranar tunaninta ɗaya ne: dole su yi ƙaura.

Yadda suka yi shi irin gaisuwar mutuwa ce da kowa ya sani: a je, a zauna, a kai abinci, a yi magana kaɗan. Bambancin shi ne sun ɗauki gidan mai kisan a matsayin gidan makoki na shida.

A ɗaya daga cikin gidajen da aka yi rashi, wani limamin coci daga waje da ya je ta'aziyya ya ji kakan yarinyar, tsaye kusa da gawarta, yana gaya wa ƙananan jikokinsa kada su ƙulla mugun tunani game da mutumin. Wannan magana ce ta fara fita a talabijin, daga nan labarin ya sauya daga na harbi zuwa na yafiya.

An binne huɗu ranar Alhamis 5 ga wata, ta biyar ranar Juma'a. An sa musu fararen riguna, akwatunan na katako ne ba ado, kaburburan da hannu aka haƙa. 'Yan sanda suka rufe hanyoyi don nisanta 'yan jarida. Jerin kekunan dokin da ke rakiyar gawa ya bi ta gaban gidan mutumin a garin Georgetown, domin nan ce hanyar maƙabarta.

Ranar Asabar 7 ga Oktoba aka binne shi a maƙabartar cocin Methodist ta Georgetown, kusa da kabarin jaririyarsa. Mutane kamar 75 ne suka halarta, kusan rabinsu Amish. A cewar mahaifiyarsa, sun jeru sun zagaye iyalin har suka tare su daga kyamarori, kuma waɗanda suka fara zuwa yi mata gaisuwa su ne iyayen da suka binne 'ya'ya biyu kwana biyu kafin nan.

Sauran watan Oktoba: kuɗi, gini da suka

Kuɗi ya fara kwarara daga ko'ina a duniya tun washegari. Da farko dattawan sun yi jinkirin karɓa, domin al'adarsu ita ce su ɗauki nauyin kansu. Daga baya suka amince, bisa hujjar cewa bai kamata a hana wani ladar bayarwa ba, kuma a fili yake cewa kuɗin jinyar ya fi ƙarfin ikilisiyoyi ukun da yaran suka fito daga cikinsu. Cikin kwana biyu aka kafa kwamitin amana mai mutum 9, Amish 7 da maƙwabta 2 waɗanda ba Amish ba, ɗaya daga cikinsu ya zama kakaki tunda su ba sa tsayawa gaban kyamara. Abin da aka tara ya haura dala miliyan 4. Wasu asibitocin sun yafe kuɗin jinyar farko. Kwamitin ya kashe kuɗin a magani, da zirga-zirgar asibiti, da masu ba da shawara, da gyaran gida don ɗaya daga cikin yaran da ta nakasa, da tallafi ga ma'aikatan agajin gaggawa. Ya kuma ware wani kaso ga matar mutumin da marayunta uku, tunda su ma sun rasa mai ciyar da su.

Ginin makarantar kuwa ba a yi ƙoƙarin ceto shi ba. Da asubahin 12 ga Oktoba, kwana 10 bayan harin, aka shigo da katafila aka rushe shi, aka kwashe ɓaraguzan, aka baje ƙasa, aka mai da wurin makiyaya. Ba a kafa dutsen tunawa ba. Dalili biyu ne: kada yara su riƙa wucewa ta gabansa kullum, kuma kada ya zama wurin yawon buɗe ido, a gundumar da dama masu zuwa kallon Amish ke cika ta. Karatu ya ci gaba a wani gareji da ke kusa, da malamarsu ta dā.

A tsakiyar watan matar ta fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa tana gode wa maƙwabtanta Amish, ta ce ƙaunar da suka nuna wa iyalinta ta ba su warakar da suke matuƙar buƙata. Kusan ƙarshen watan aka yi zama a ofishin 'yan kwana-kwana na Bart, inda iyayen yaran da iyalin mutumin suka haɗu fuska da fuska, aka yi magana, aka yi kuka.

Suka ma ta zo da wuri. Jeff Jacoby ya rubuta a jaridar Boston Globe, tun kafin mako ya cika, cewa ba kowace ƙiyayya ce kuskure ba, kuma ba kowa ne ya cancanci yafiya ba. Ya tambaya ko mutum zai so zama a al'ummar da ba ta fushi idan an yanka yara. Ya kuma taɓo batun haƙƙi: wa ya ba kaka ko maƙwabci ikon yafe jinin da ba nasa ba? Wanda ya san hukuncin ƙisasi a fiƙihu zai gane tambayar nan take, domin a can zaɓin afuwa na waliyyan mamaci ne, ba na duk wanda ya ji tausayi ba. A Nickel Mines waɗanda suka fara furta yafiya a ranar Litinin ba iyayen ba ne, iyayen na asibiti. Sai dai zuwa Asabar wasunsu da kansu suka tsaya a bakin kabarin.

2007: abin da yafiyar ba ta taɓa ba

Ranar 2 ga Afrilu 2007, wata shida cif, aka buɗe sabuwar makaranta mai suna New Hope, ba nisa da tsohuwar. An gina ta nesa da babban titi, kusa da gidaje, kuma da gangan aka sauya fasalinta don kada ta yi kama da waccan. Huɗu daga cikin biyar ɗin da suka ji rauni sun koma aji, wasunsu bayan tiyata sau da dama.

A nan ne aka gane cewa abin da duniya ta yaba bai kai ko'ina ba wajen ciwon da ke cikin gida. Yara na firgita da dare. Ƙarar jirgi mai saukar ungulu ko baƙuwar mota a bakin hanya na tsinka musu zuciya. Yaran maza da aka kora daga ajin su ne aka fi mantawa da su, tunda ba tabo a jikinsu, alhali suna ta tuhumar kansu da cewa sun gudu sun bar ƙannensu. Ɗaya daga cikin manyansu ya faɗa wa 'yan jarida shekara 10 bayan haka cewa ya daina cin abinci har sai da aka kwantar da shi. Al'ummar da aka san ta da ƙin neman taimako daga waje ta buɗe ƙofa ga ƙwararrun masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, tun makon farko a ofishin 'yan kwana-kwana, sannan a gidaje. 'Yan sandan da suka fasa tagar, waɗanda suka ɗauko yaran a hannu jina-jina, su ma sun riƙa dawowa ziyara. Wannan ya taimaki ɓangarorin biyu, musamman yaran maza, da suka ji daga bakin jami'ai cewa babu abin da za su iya yi a ranar.

Donald Kraybill na Kwalejin Elizabethtown, da abokan aikinsa Steven Nolt da David Weaver-Zercher, sun zauna da Amish da dama a watannin da suka biyo baya. Abin da suka ji ya bambanta da abin da talabijin ta nuna. Mutanen ba su ce zuciyarsu ta yi sanyi a rana ɗaya ba. Sun ce sun yanke shawarar ba za su rama ba, ba za su riƙe ƙulli ba, sannan suka shiga kokawar sa zuciya ta bi bayan shawarar. Wasu iyayen suka ce sai sun sake yafewa kowace safiya. Masanin halayyar ɗan'adam Everett Worthington ya daɗe da raba waɗannan biyun, yafiyar da ake yankewa da yafiyar da ake ji, kuma a yawancin mutane ta biyun ake jira kafin a furta ta farko. Su Amish daga ta farko suke farawa. Masu binciken sun kuma nuna cewa a fahimtar mutanen, yafewa ba ta nufin ɗage hukunci. Da mutumin ya rayu, da ba za su nemi a sake shi ba. Hukunci aikin hukuma ne, abin da ke kansu shi ne kada su ƙi shi, kuma su ziyarce shi a gidan yari.

A watan Agusta na shekarar, wasu daga cikin iyalan suka yi doguwar tafiya a mota zuwa jami'ar Virginia Tech, inda aka kashe mutum 32 a watan Afrilu, suka kai musu wani bargon ta'aziyya da aka aiko musu lokacin nasu rashin.

2007 zuwa 2024: daren Alhamis

Mafi ƙanƙanta cikin waɗanda aka harba 'yar shekara 6 ce, harsashi ya same ta a ka. Bayan kwana biyu likitoci suka cire mata na'urar numfashi, iyayenta suka kawo ta gida don ta cika a gabansu. Ba ta cika ba. Ta rayu ba magana, ba tafiya, ana ba ta abinci ta roba, tana fama da farfaɗiya.

Mahaifiyar mai kisan ba ta yi ƙaura ba. A damina ta 2007 ta gayyaci iyalan cin abinci a farfajiyar gidanta, suka zo, daga baya ta kira 'yan matan da iyayensu mata shan shayi. A nan ta ga yadda uwar yarinyar ke fama, sauran yara na wasa, tata na kwance a hannu. Ta nemi izinin ta riƙa zuwa taimako, aka ba ta. Daga nan kusan kowane daren Alhamis sai ta je gidan: ta yi wa yarinyar wanka, ta taje mata kai, ta canza zanen gado, ta karanta mata labari, ta yi mata waƙa, iyayen su samu su ci abinci a natse tare da sauran 'ya'yansu. Ta faɗa cewa a farkon zuwanta takan yi kuka tun daga ƙofar gidan har ta isa nata. Ta yi shekaru a haka, har cutar daji ta ci ƙarfinta. Ta rasu a watan Agusta na 2017.

Yarinyar ta rasu a watan Satumba na 2024, tana da shekara 23, bayan kusan shekara 18 a keken guragu. Da ita adadin waɗanda harin ya ci ya zama shida. Sauran huɗun sun girma. Matar mutumin ta sake aure, ta rene 'ya'yanta a gundumar. Ba a kai ƙarar kowa ba, ba a ƙona gidan kowa ba, ba wanda aka kora.

Auna sakamako

Idan aka auna da matsalar da aka fara da ita, wato ko gidajen nan za su iya ci gaba da zama wuri ɗaya, matakin ya yi nasara, kuma saurinsa ne ya sa. Sa'o'in farko ne lokacin da iyalin mai laifi ke yanke shawarar ɓuya ko gudu, kuma lokacin da jita-jita ke neman wanda za ta ɗora wa alhaki. Da aka taka zuwa gidajensu kafin dare, an rufe wannan ƙofa. Saurin kuwa bai zo daga wata baiwa ta musamman ba. Mutanen da ke zama sau biyu a shekara suna warware rigimar shinge da ta saniyar da ta shiga gona ba sa buƙatar kwamiti ya gaya musu abin yi ran da babbar ta zo. Shi ya sa nake shakkar masu cewa kowa ya kwaikwayi Amish. Wanda ya ɗauki furucin ya bar zaman ikilisiyar, da ɗaukar nauyin juna, da maƙwabtan da suka zo suka tatsi shanun masu makoki suka girbe musu gona, ya ɗauki ganga ne ba fata.

Abin da bai yi aiki ba shi ne zaton cewa yafiya magani ce ta baƙin ciki. Wannan zato na 'yan kallo ne, kuma ya ɗora wa iyayen nauyin zama abin misali alhali suna cikin zafi. Abin da ya taimaki yaran shi ne rushe ginin, da komawa aji da wuri, da ƙwararrun da aka yarda suka shigo, da dala miliyan 4 na baƙi. Biyu daga cikin waɗannan sun saɓa wa al'adar mutanen, kuma sun cancanci yabo da suka karɓe su.

Sai kuma abin da ya sauƙaƙa lamarin wanda ba a cika faɗa ba: mai laifin ya mutu, kuma bare ne. Ba shari'a, ba tsoron ya sake, ba wanda za a zauna da shi a sujada ranar Lahadi. Waɗanda suka amfana da yafiyar, matar da marayun da tsofaffin iyayen, ba su yi wa kowa komai ba. A nan ƙorafin Jacoby ya yi rauni, domin ba wani azzalumi da ya kuɓuta.

Ƙorafin na da ƙarfi a inda mai laifin ke raye kuma ɗan gida ne. A wasu al'ummomin Amish, ba Nickel Mines ba, mutumin da ya yi lalata da yaro kan durƙusa gaban ikilisiya ya amsa laifi, a ƙaurace masa na mako shida, a karɓe shi, daga nan kuma an rufe maganar. Yarinyar da ta sake tayar da ita, ko ta je wurin 'yan sanda, ita ce ake kallo a matsayin mai ƙin yafiya, kuma ayar da ta tura magidanta gidan maƙwabci a 2006 ita ake karanta mata don ta yi shiru. A 2019 jaridar Pittsburgh Post-Gazette ta buga jerin rahotanni kan haka a tsakanin Amish da Mennonite, wata ɗarikar Kirista da suka fito tushe ɗaya da ita. A farkon 2020 binciken 'yar jarida Sarah McClure ya gano shari'o'i 52 na lalata da yara a al'ummomin Amish na jihohi bakwai cikin shekara 20, kuma waɗannan su ne kawai suka kai gaban hukuma. Rabe yafiya da ɗage hukunci, wanda mutanen Nickel Mines suka bayyana wa masu bincike dalla-dalla game da baren da ya mutu, shi ne ake kasa yi idan mai laifin ɗan'uwa ne ko uba.

A gundumar Lancaster an fara gyara ta ɓangarori biyu. Dattawan Amish da na Mennonite sun kafa kwamitin da ke aiki da ma'aikatar kula da yara da masu gabatar da ƙara, yana koyar da shugabannin ikilisiya cewa doka ta wajabta musu kai rahoto. Hukuma kuma ta daina kawar da kai: a 2020 aka gurfanar da wani bishop na Amish a gundumar bisa tuhumar cewa an amsa laifin lalata da yara a gabansa, ya warware maganar a cikin coci, bai sanar da kowa ba.